Wotakala: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a masu zane, ku zo mu raba gardama. Fentin nan da Turawa ke kira wotakala, wanda ake jiƙawa a shafa a takarda, wane suna ya dace da shi?

Abin da ke fara zuwa baki shi ne "fentin ruwa". To ai sunan yana da mai shi. Ka aika a sayo maka fentin ruwa, bokitin fentin bango za a kawo, kishiyar fentin mai. Akirilik, wato fenti mai sinadarin roba, shi ma da ruwa ake sirka shi, amma in ya bushe shi ke nan, wotakala kuwa ko bayan shekara ka ɗiga masa ruwa zai farfaɗo. "Zanen ruwa" kuma sai a zaci kogi ka zana.

Ni "fentin ƙaro" ya fi kwanta mini. Garin launi ne ake kwaɓawa da ƙaron dakwara, wasu kamfanoni su ƙara zuma don kada ya tsattsage. In ruwan ya tafi, ƙaron ne ke riƙe launin a jikin takarda.

Na san za a ce guwash, ɗan'uwan wotakala da ke rufe takarda ruf, shi ma da ƙaro ake yin sa. Haka ne, Dürer, mai zane ɗan Jamus, ma haɗa su ya yi a zanen zomonsa na 1502. Sai mu raba su: guwash fentin ƙaro mai kauri, wotakala fentin ƙaro shara-shara, tunda ana hango takarda ta cikinsa kamar yadda ake hango jiki ta siririn yadi.

Duk wanda ya kwaikwayi aikin magabata don koyon zana mutum ya san kalmar nan ba ado ba ce. Ɗauki yarinya mai ɗankunnen lu'ulu'u da Vermeer, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya zana wajen 1665, wadda ke gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague. Da fentin mai ya yi ta, inda ake iya ɗora fari a kan duhu, don haka ƙyallin ido da na ɗankunne sai ya ɗiga su daga sama. Kai mai shara-shara, farinka shi ne takardar. Tun kafin buroshi ya sauka za ka kewaye wannan ɗan ɗigon, ka yi ta kaffa-kaffa da shi har ƙarshe. Fatar fuska kuma daga haske ake tafiya zuwa duhu: shafa mai ruwa-ruwa, a jira ta bushe ƙayau, a ɗora wata a kumatu da ƙarƙashin haɓa. Ka yi garaje, launukan su dagule. Duhun da ke bayanta ma sai an maimaita shafa kafin ya kama.

Wai sunan ya yi tsawo? A rubutu a cika shi, a baki "shara-shara" kawai ya wadatar. Wanda ke da wanda ya fi shi ya kawo, amma ya zama ya raba mana shi da guwash.