Na sa wa Peugeot 504 ƙwan fitilar LED, haske ya ƙi zama a kan titi

Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu rewaya da duk wanda ke riƙe da tsohuwar mota.

Motar mahaifinmu ce, 504 haɗin Kaduna, ni nake hawanta yanzu. Fitilunta na gaba sun dushe, da daddare a titin Haɗejia da ƙyar nake hango rami. Sai na sayo ƙwan LED mai gindin H4 (nau'in mazaunin ƙwan) a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, aka cire na halojin, wato tsohon ƙwan mai siririyar waya a ciki, mai wat 60/55 aka ɗaura.

Haske kam ya yi fari fat, amma a watse yake. Ya haske bishiyoyi da allunan talla, ƙasan titi kuwa duhu. Ko a dim nake, masu tahowa sai su yi ta watsa min fitila, wani mai adaidaita har daƙuwa ya yi min a Kabuga. Rewayana ya ce madubin cikin fitilar an ƙera shi ne don siririyar wayar halojin, idan hasken bai fito daga daidai wurin ba dole ya bazu. Mun juya ƙwan, mun sunkuyar da fitilar, babu wani canji na a zo a gani.

Ga kuma fankar da ke bayan ƙwan ta hana robar murfi rufuwa, ga ƙurar hunturu na tafe.

Shin akwai LED da ke dacewa da irin wannan madubin? Ko in koma halojin in sa rilay (ɗan makunnin da ke ba fitila wuta kai tsaye) da sabuwar waya daga batir? Ba na son in canza gidan fitilar, don kamannin motar zai ɓaci.

Allah ya saka da alheri.