Aikin jirgin Turawa na ɗakin tarihi: in karɓa ko in bari?

Kafintan Bagalam: Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin manya. Wasu masu shirya ɗakin nunin kayan tarihi sun same ni a shago, suna so in yi musu ƙaramin kwatancin jirgin ruwan da Turawa masu yawon bincike, Barth da Overweg da Richardson, suka ɗoro wa raƙuma daga Tarabulus a 1850. Tsawo mita ɗaya da rabi. Sun ce jika 300, za su ba ni 100 yanzu, sauran sai na kai. Ba su da zane, sai hoto ɗaya daga wani tsohon littafi. Ga kuma gadajen amare biyu a hannuna kafin Sallah. In karɓa? In na karɓa, madaci ko farin katako?

Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam. Jirgi a Maraɗi? Gulbin da rabin shekara ƴan ƙwallo ke wasa cikinsa? Ka sa masa taya kawai.

Tsohon Malami: Ɗana, kar ka biye masa. Jirgin nan yana da alaƙa da mu. A Malta aka ƙera shi, aka raba shi gunduwa-gunduwa don raƙuma su iya ɗauka. Da suka rabu a Damargu farkon 1851, Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, shi kuwa Overweg nan Maraɗi da Gobir ya zo. Daga baya ya haɗa jirgin ya shiga tafkin Cadi har tsibiran ƙabilar Buduma, can bakin tafkin ya rasu a 1852. Ka yi shi yadda za a ga mahaɗan, su ne labarin. Ni dai ina so jikokina su gan shi.

Baba na Mokoyo: Malam, tarihi ba ya biyan kuɗin katako. Ni an taɓa ba ni irin wannan, kwatancin ƙofar gari da rumbuna. Na ajiye aikin ƙofofi na wani alhaji, na sa yara biyu, wata uku muna kai. Na kai, aka yi hotuna, aka yi ta tafi. Da na koma karɓar ragowa aka ce wanda ya ba ni aikin an canza masa wuri, sabon kuma ya ce bai ga takarda ba. Babur ɗina na sayar na sallami yaran. Alhajin har yau bai sake taka shagona ba. Abin da ya fi ci mini rai, bara na leƙa, na tarar an jingine kayan a bayan ɗaki, gara ta gama da rumbunan. Ko sunana ba su rubuta ba.

Hajiya mai dubulan: Allah Ya mayar maka da alheri, Baba. Amma shi yaron bai ce babu takarda ba.

Baba na Mokoyo: Bai ce akwai ba, Hajiya.

Masassaƙin Madarunfa: Jika 300 ya yi kaɗan. Madaci busasshe kaɗai zai ci maka 80, ban da gam da man shafawa. Ƙasa da 500 kar ka taɓa.

Ɗan Zariya 2: Wane 80? Satin jiya na sayi falanki a jika 12. Uku sun ishe shi.

Masassaƙin Madarunfa: Ɗanye ka saya, ƙanena. Bari hunturu ya shigo ka ji yadda zai tsage. Kai da tebur ɗin ƴan makaranta ka sani, bar maganar sassaƙa ga masu gizago.

Ɗan Zariya 2: Kai ma turmi da akushi kake yi, yaushe ka ga jirgi? In shawarar jirgi ce a tambayi mutanen Gaya, su ke zaune bakin kogi.

Kafintan Bagalam: Na gode duka. To amaren fa, in mayar musu da kuɗinsu?

Hajiya mai dubulan: Kar ka kuskura. Uwar amarya ba ta mantuwa. Ni gadon ɗiyata kafinta ya kawo ana saura kwana ɗaya kai amarya, fenti bai ko bushe ba, ya ɓata mana zannuwa biyu. Me ya sa ku kafintoci ba ku faɗin ranar gaskiya?

Masassaƙin Madarunfa: Hajiya, ki tambayi wuta tukuna. Injin yankan katako ba da carbi yake tafiya ba. Jiya tun hantsi aka ɗauke, sai bayan la'asar.

Ɗan Tibiri: Ku har kuna samu da la'asar? Mu nan sai dare ya raba, mai walda kusa da mu ya koma kwana a shago.