Neman kalma: me za mu kira kwalbar da ta koma kwalba?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Kalma nake nema. Akwai rahoton da nake mayarwa Hausa kan garuruwan Amurka da suka daina kwasar kwalabe a ƙofar gidajen jama'a saboda tsada, sai kalmar recycling ta tsaya mini a maƙoshi. Na san abin da muka saba, "sake sarrafawa". Da ita nake cin abinci shekara da shekaru. Amma a wannan aikin ta ƙi ɗaukar kayan da na ɗora mata.

Ga dalili. A 2019 gundumar Fairfax ta jihar Bajiniya ta ce wa mutanenta kada a ƙara jefa kwalba cikin kwandon da mota ke zuwa ɗauka a ƙofar gida. Mai so ya tara kwalabensa ya kai wasu manyan akwatuna masu launin shunayya da aka ajiye a unguwanni. Maƙwabciyarta Arlington ma haka ta yi a wannan shekarar. Kwalbar da ake kwasowa haɗe da takarda da kwali da roba da gwangwani farfashewa take yi a cikin mota, ta cuɗe da datti, ƙarshenta yawanci juji take komawa, bayan an biya kuɗin ɗauko ta an kuma biya na tace ta. To idan na rubuta "Fairfax ta daina sake sarrafa kwalba" na yi mata ƙarya, domin sai bayan nan ne ma kwalabenta suka yi tsabtar da masu narki za su karɓa. Idan na ce "a da tana sake sarrafawa", nan ma ban faɗi gaskiya ba. Ga kuma wani kaso da ake niƙawa a mayar yashi da tsakuwar aikin hanya, shi ma sunan ɗaya ake kiransa da shi. Ku agaje ni.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ɗana, me ya hana ka ce "sabuntawa"? Tsohuwa ce aka mayar sabuwa, kuma kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi a baki.

Mai fassara: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Na gwada ta. Matsalarta gidanta ya cika. Fasfo ana sabuntawa, lasisin tuƙi ana sabuntawa, alwala ma haka, ga 'yan jarida sun riga sun ba hasken rana da iska sunan makamashi mai sabuntawa. Kuma duk abin da aka sabunta yana nan da jikinsa. Kwalbar da nake magana a kai sai ta mutu tukuna.

Wani daga Sabon Gari: Ku ce bola jari kawai ku huta. Bahaushe ya gama wannan maganar tun kafin Bature ya fara taro a kanta.

Mai fassara: Yayana, ka ba ni dariya, kuma da gaskiyarka rabi. Babu fassarar da ta kai "bola jari" daɗi. Sai dai sunan sana'ar tsinta ce da mai yin ta, ba sunan abin da ake yi wa kayan bayan sun bar hannunsa ba.

Amma tunda ka kawo su, tsaya ka leƙa buhunsu. Ƙarfe, alminiyam, tagulla, roba, tsohon batir. Kwalba lafiyayya mai murfi za su ɗauka, don akwai mai gyaɗa da mai zuma da mai man ja da ke jira. Ka taɓa ganin ɗan bola jari ya duƙa yana tsintar fasasshiyar kwalba? Tsallake ta yake yi. Nauyi gare ta, tana yanka hannu, tana yaga buhu, kuma mai sikeli ba ya ba da abin kirki a kanta. Wannan lissafin da yaro ke yi da ka a bakin kwata, shi ne birnin Houston na Amurka ya yi a takarda a 2016, lokacin da aka cire kwalba daga kayan da ake kwasa a ƙofar gida don kwangilar ta yi sauƙi. Sai 2019 aka dawo da ita, bayan an gina sabuwar masana'antar tace shara. Tsakanin nan ƙasar Sin ta rufe ƙofa ga yawancin sharar roba da takarda ta ƙasashen waje a farkon 2018, farashin kayan da ke ɗaukar nauyin sauran ya faɗi, garuruwa da dama suka fara duba wane ne ke ci bai kawo komai ba. Kwalba ce ta farko da aka nuna wa yatsa. Ashe ba kowace bola ce jari ba, shi ya sa ba zan iya sa kalmar a kan wannan rahoton ba.

Malamar kimiyya: Malam mai fassara, bari in sa baki, don kada masu karatu su ɗauka kwalba banza ce. Da yashi ake yin ta, da farar ƙasa, da soda wadda 'yar uwar kanwa ce, a dafa su a wutar da ta kai kusan digiri 1,500. Idan aka zuba fasassun kwalabe cikin haɗin, sun fi saurin narkewa. Duk kashi 10 cikin 100 da aka ƙara yana rage wutar da ake ci da kashi 2 zuwa 3. Kuma ko sau nawa aka narka ta ba ta gajiya, ba kamar takarda ba da zarenta ke gajarcewa, ko roba da ke raguwa a inganci. Masu masana'antar kwalba son ta suke yi. Abin da ba sa so shi ne ƙazanta.

Guntun tangaran ɗaya, ko na kwanon gilashi mai jure wuta, ba ya narkewa tare da sauran, sai ya fito a jikin sabuwar kwalba ya zama wurin da za ta tsage. Madubi, gilashin taga da ƙwan fitila duk ba a so, haɗinsu daban ne. Ga launi: ba a samun farar kwalba daga koriya. Shi ya sa a Jamus akwatu uku ake ajiyewa, na fara, na koriya, na mai ruwan ƙasa, shuɗiya kuma a jefa ta wajen koriya. A Ingila tun 1977 aka kafa irin wannan akwatun na farko a garin Barnsley. Sakamakon a bayyane yake: Turai na tattara kusan kashi 80 cikin 100 na kwalabenta, Amurka kuwa alƙaluman hukumar muhallinta na 2018 kashi 31 da ɗoriya suka nuna. Yashi kuma araha gare shi, don haka idan masana'anta ta yi nisa, kuɗin man tirela kaɗai ya isa ya cinye ribar.

Ni ma ina da tawa tambayar. Fasassun kwalaben nan da aka wanke aka tace, Turawa na ce musu cullet. Me zan ce wa ɗalibaina?

Malamin Hausa: Tsingaro mana, 'yata.

Malamar kimiyya: Baba, a gafarce ni. Tsingaro na tukunyar ƙasa ne, shi ne kuwa babban maƙiyin wannan tukunyar narkin. Idan na ce a zuba tsingaro, na koyar da akasin darasin.

Malamin Hausa: Kin kama ni. To garin kwalba bai yi ba, don ba laushi ake so ba. Ki tuna abin da ke saura a rariya idan an ɓarza masara, wanda ake watsa wa kaji. Tsaki. Ki ce tsakin kwalba.

Mai fassara: Malam, wannan kam na ɗauka, ko shawara ba zan yi ba. Tsakin kwalba. Wanda bai taɓa ganin masana'anta ba ma zai hango girman ƙwayar.

Mai shago: Ni ban yi boko mai nisa ba, amma shekaruna da yawa ina sayar da lemo. Ku duk narkawa kuke ta magana. Mu a nan kwalba ba ta zuwa wuta. Ka sha a tsaye ka miƙo mini, ko ka ajiye kuɗin kwalba ka tafi da ita, ka dawo da ita ka karɓi kuɗinka. Mota ta zo ta ɗauki kiret na wofi ta sauke cikakke. Can a wanke a sake ɗurawa. Za ka ga wata kwalbar duk kafaɗarta ta yi fari saboda gogayya, ta yi yawo ta fi ni. Wannan me sunansa a wurinku? Kuma ku sani robar nan ce ke kashe shi, yanzu yara ba sa son tsayawa.

Mai fassara: Alhaji, kai ne ka fi mu duka riƙe bakin zaren. Abin da kake yi ya fi narkawa daraja, domin ruwan wanki bai kai wutar digiri 1,500 tsada ba. A Jamus haka ake yi har yau, kuɗin kwalba santi 8 ne ko 15 gwargwadon irinta, kuma kwalba ɗaya tana iya komawa a sake ɗura mata har sau 50. A Amurka jihar Oregon ce ta fara kafa dokar kuɗin kwalba a 1971, yanzu jihohi 10 ke da ita, a Michigan santi 10 ne. Su yawanci narkawa suke yi ba wankewa ba, amma kwalbar na dawowa da tsabta, kuma wanda ya sha ne ke ɗauko ta da ƙafarsa, ba motar ƙaramar hukuma ba. "Kuɗin kwalba" na bakinka shi zan rubuta, ba na buƙatar ƙirƙiro komai. Aikin kansa kuma "sake amfani" ya ishe shi. Na so in ce "maimai", amma manoma za su ɗauka noma na biyu nake nufi.

Wata daga Bida: Ku zo unguwar Masaga ku ga abin da kuke neman sunansa. Masu aikin ƙarau na garinmu kwalabe suke narkawa su yi duwatsun wuya da awarwaro, launin kwalbar shi ne launin dutsen. Mutanen Krobo a Gana kuma daka ta suke yi ta zama gari, su zuba a ƙananan mazubai su gasa.

Mai fassara: Hajiya, na gode. Wannan ya nuna mini cewa ba zan jefar da "sake sarrafawa" ba. Kwalbar da ta zama dutsen wuya, ko audugar gilashi da ake cusawa a bangon gida don tare sanyi, ko tsakuwar hanya, an sarrafa ta ta zama wani abu. Kalmar ta dace da su. Wadda har yanzu ba ta da suna ita ce wadda ta shiga wuta kwalba ta fito kwalba.

Mai zubin tukwane: Ranka ya daɗe, mu zubi muke cewa. Gwangwanin lemo, tsohuwar tukunya da ta huje, ɓaraguzan inji, mu narka mu zuba a mazubi, tukunya ta fito. Mace ta kawo tsohuwar tukunyarta ta ce a sake mata zubi, kowa ya gane.

Mai fassara: Alhamdu lillahi. Sake zubi. Tun safe nake zagaye kalmar ban gan ta ba. Tana ɗauke da wuta, tana ɗauke da mazubi, kuma tana nuna abin ya koma irin jikinsa na farko. Kwalba ma a mazubi ake hura ta, don haka ba aro muka yi mai nisa ba.

Wani daga Sabon Gari: Matan adashe fa? Su ma zubi suke yi.

Mai fassara: Babu mai jin "sake zubin kwalba" ya nemi uwar adashe. Abin da na fi jin tsoro shi ne a ɗauke ta a ɗora wa takarda da tsumma, waɗanda ba a narkawa. Don haka "sake sarrafawa" na nan a matsayin babbar rumfa, "sake zubi" na kwalba ne da ƙarfe da alminiyam, "sake amfani" na Alhaji mai shago.

Saura kwasar. Wadda mota ke zuwa, na sa mata "kwasar ƙofar gida". Akwatunan unguwa kuma "matattarar kwalabe". Tsarin da ake zuba komai a kwando ɗaya, wanda shi ne tushen ɓarnar, na kira shi "kwasar gamin gambiza". Ga jimlar yadda ta fito:

"A 2019 Fairfax ta cire kwalba daga kwasar ƙofar gida, domin kwasar gamin gambiza na ɓata ta har ba ta kaiwa ga sake zubi. Yanzu jama'a ke kai ta matattara, inda ake samun tsakin kwalba mai tsabta."

Malamin Hausa: Jimlar ta zauna. Amma gamin gambiza ba'a ce, ɗana. Mai karanta labarai ba zai faɗe ta da fuskar labarai ba. Ka ce "kwasa a cakuɗe".

Malamar kimiyya: Baba, ni dai a aji gambizar zan yi amfani da ita. Yara ba za su manta ba.

Mai fassara: To Malam, a rahoton zan sa "kwasa a cakuɗe" kamar yadda ka ce. Alhaji mai shago, in tambaye ka kafin in rufe: wadda ta fashe a cikin kiret, motar kamfani na karɓa, ko kai ke biya?

Mai shago: Ni ke biya. Gutsattsarin kuma maƙwabcina ke roƙa, yana kafawa a kan katangarsa.