Yaya ake rage wa mashin ɗin ƙanƙara ƙarfi saboda yara?

Abban_Yara, Unguwar Rimi:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Yarana biyu za su je hutun Disamba wajen ƙanina a Ontario can Kanada, babban shekara 13 ƙaramar 9, to shine jiya ya turo bidiyo yana gudu da mashin ɗin nan na kan ƙanƙara, Ski-Doo mai 850cc, wai idan sun zo zai koya musu. Yaran sai tsalle suke, ni kuwa wallahi gabana ne ya faɗi, babban ko Boxer bai taɓa tuƙawa ba sai keke a layinmu. Akwai yadda ake ɗaure abin nan ne kar ya yi gudu ko kawai in hana?

Bakaniken_Panteka:
Alhaji ni dai aikina babur ne da baburan nan masu ƙafa huɗu, amma totur ai totur ne. Ƙananan na yara suna zuwa da wani sukuru a jikin totur ɗin, kana ɗaure shi yatsa ba zai iya dannawa har ƙarshe ba, yaro na ƙwarewa kana ɗan sassautawa. Amma 850 fa ba abin wasa bane, ƙarfin doki wajen 165 ne, Boxer kuma 8 ne da ɗan wani abu, kaga kamar ka haɗa Boxer ashirin ka miƙa wa yaro kenan. Ko rabin totur ka bar masa zai fizge shi.

Ɗan_Kawo_a_Kanada:
Malam Abban Yara, na hau abin nan sosai don haka bari in ɗan tsawaita. Kamfanin Ski-Doo suna da makulli na musamman na masu koyo, ana saita shi mashin ba zai wuce kilomita 40 a awa ba, ko 70 in an ga mutum ya fara iyawa, kuma yana sa tashin farko ya yi laushi. Amma wannan tsarin na masu injin da ake kira ACE ne, 600cc da 900cc, da totur ɗinsu ke aiki da lantarki. Irin su ya kamata ƙaninka ya yi haya na kwana ɗaya ko biyu wa babban, ya bar nasa a gareji.

Abin da mutane ba sa lura da shi shine nauyi. Mashin ɗin nan ya haura kilo 200, kuma a kwana da jikinka kake rinjayarsa, sai ka karkata sosai. Ranar da na fara hawa a hankali nake tafiya amma da na zo kwana tsoro ya kama ni na matse hannu, ashe babban yatsana na kan totur, sai ji na yi na nutse cikin ƙanƙara har ƙugu mashin ya kwanta gefe, igiyar da ke ɗaure a rigata ce ta fizge ta kashe injin. Ni da nake ƙato kenan. Wannan igiyar da hular kwano kar a kuskura a tashi babu su.

Sannan doka, a Ontario sai yaro ya kai 12 kuma ya yi kwas ya karɓi lasisin mashin ɗin kafin ya hau hanyoyin da aka ware musu, iyakar gudu a kai kilomita 50. A jihar Quebec ma sai 16.

Maman_Biyu, Barnawa:
Yaya ni ta ƙaramar nake ji. Shekara tara me ya haɗa ta da wannan dodon? Akwai na yara 120cc da gudunsa bai wuce kilomita 13 ba, a fili a cikin gida babba na tsaye a kanta. Kuma dan Allah kar a bari yayan ya goya ta, yara in sun haɗu zuga juna suke.

Abban_Yara, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na tura masa duk bayanan nan, ya ce zai tambayi dila maganar hayar mai 600 ɗin da kwas ɗin yaron gobe. Na kuma gaya masa makullin 850 ɗin ya ba matarsa ta ajiye har yaran su dawo Kaduna.