Iyayen ƴan CI da CP, me yaranku suka iya zuwa yanzu?

Maman Biyu, Zango:
Salamu alaikum ƴan'uwa iyaye. So nake kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a gidansa ko a ajinsa. Yaron da ya gama CI (aji ɗaya na firamare) ya shiga CP (aji biyu), me ya kamata a ce ya iya? Don ni dai yawan abubuwan da ake ɗora musu ya fara rikita ni, ga langaj (koyon magana) ga lektir (karatu) ga rubutu ga kalkil (lissafi), ga resitasiyo (hadda) da waƙa da zane da motsa jiki har da tarbiyya. Ɗiyata tana CP, ta kawo kayen kompozisiyo (littafin jarrabawa) da maki masu kyau, resitasiyo 9 bisa 10 ta samu, in ta tsaya ta harɗe hannu tana zubo faransanci sai ta ba ka sha'awa. Amma da na buɗe littafi na ɗora yatsa a tsakiyar shafi na ce karanta min nan, sai ta koma sama ta faro daga farko, ashe da ka take yi ba da ido ba. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Tsohon mushe, Birni:
Wa alaikumus salam. Hajiya gwajin da kika yi shi ne gwaji na gaskiya, kuma da kowane uba da uwa za su riƙa yin sa da an rage matsala. Firamare a ƙasar nan tamu Nijar aji shida ne, CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, kuma biyu-biyu aka haɗa su, wato CI da CP tafiya ɗaya ce ba a hukunta yaro da rabinta. Lokacin da nake mushe, wato malamin lakwal, ina riƙe da ƙananan aji, abin da nake nema a ƙarshen CI shi ne yaro ya san baƙaƙe da sautinsu, ya iya haɗa b da a ya ce ba, ya iya riƙe alli ya rubuta a kan ardwaz ba tare da ya juya harafi ba, ya ƙirga ya rubuta lambobi zuwa 20 ya kuma san cewa 7 ta fi 4 ba don an faɗa masa ba sai don ya jera tsakuwa ya gani. A ƙarshen CP kuma ya karanta gajeren labarin da bai taɓa gani ba, ka tambaye shi wa ya yi me ya ba ka amsa, ya rubuta ƙaramar dikte (shifta), ya kai 100 a lamba, ya yi tarawa da ɗebewa. Tarihi da labarin ƙasa da siyans suna zuwa sosai daga CE, to amma dukkansu a kan karatu suke tsaye, yaron da ya shiga CE1 bai iya karatu ba zai kwafe darasi daga allo tsaf da rubutu mai kyau kuma bai san me ya rubuta ba, haka zai yi ta tafiya har CM2. Na ga irinsu da yawa kuma har yau abin na ci min rai, don yara ne masu basira.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
Malam Allah ya ƙara girma. Ni nawa a kalkil abin ya ba ni mamaki. Yarona yana zama da ni a shago in an tashi lakwal, ka ba shi dala ashirin ka sayi abin dala goma sha uku, kafin ka rufe baki ya miƙo maka dala bakwai. Amma a kaye ya ci 2 a kalkil. Da na zauna da shi sai na gane lissafin yana nan a kansa, abin da ya kayar da shi biyu ne, na farko bai fahimci tambayar ba don da faransanci take, na biyu a aji kuɗin da muke ce wa dala ashirin 100 ake rubutawa, shi kuma babu wanda ya taɓa ce masa dala ɗaya faran 5 ce. Ranar da na zube masa sulalla a kan tebur muka yi ta ninkawa da biyar ya yi ta dariya, wai ashe abu ɗaya ne. Ga kuma lambobin faransanci daga 70 zuwa 99, a ce sittin da goma, a ce huɗu sau ashirin da goma sha bakwai, yaro ɗan shekara takwas ya ji 97 ya rubuta 4 20 17, ina laifinsa.

Madam mai CI:
Ni ina cikin ajin yanzu haka, don Allah iyaye ku ji namu ɓangaren. Yaran da ke gabana sun haura tamanin a rumfar zana, kuma rumfar ba a gama kafa ta ba sai da aka kawar da amfanin gona aka samu kara, alhali an buɗe lakwal tun watan Oktoba. Littafin lektir ɗaya yara da yawa ke leƙawa, na gefe a karkace yake ganin harafin. Lokacin zafi in ruwa ya yi wuya a gari, wanda kowa a Damagaram ya san zancen, ƴan mata ƙanana sai su zo a makare don sun tsaya layin pampo da bido. To in na ce kowane yaro ya karanta min layi ɗaya shi kaɗai, lokacin lektir ya ƙare ban kai rabin aji ba, shi ya sa muke sa su maimaita gaba ɗaya da murya ɗaya, kuma a cikin wannan amon ne wanda bai iya ba yake ɓuya. Yanzu dabarar da nake yi, kullum ina ware yara kaɗan in saurare su ɗaya bayan ɗaya sauran suna rubutu a ardwaz, a haka nake zagaye ajin.

Maman Biyu, Zango:
Allah sarki Madam, sannu da ƙoƙari. To ba sai a rage waƙe-waƙe da zane a ƙara wa lektir lokaci ba?

Madam mai CI:
A'a Yaya kar a taɓa su. Zane shi ke sassauta hannun yaro kafin rubutu, wanda bai taɓa jan layi da da'ira ba ba zai rufe o ba. Waƙa kuma da ita suke kama sautin da babu a Hausa, kuma yaro ɗan shekara shida ko bakwai ba zai zauna tun safe yana kallon allo ba sai an tashe shi ya motsa. Abin da nake ƙi shi ne a ba resitasiyo maki babba ya rufe faɗuwar lektir a cikin mwayen (matsakaicin maki), uba ya ga an wuce ya ɗauka an iya.

Baban Abba, Garin Malam:
Ni fa abin da nake gani matsalar harshe ce tun daga tushe. Babbar ɗiyata ta yi aji mai harshe biyu, da Hausa aka fara koya musu karatu faransanci kuma da baki, kafin shekara ta ƙare tana karanta min saƙon da ƙanena ke turowa a waya, kuma da aka juya zuwa faransanci ba ta sha wahalar da ƙaninta ya sha ba, shi da aka fara masa da faransanci zalla. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a 1973. Binciken PASEC, mai auna iyawar ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu faransanci, na 2014 ya nuna kusan yaro 1 cikin 10 ne kawai a ƙananan aji na Nijar ya kai matakin da ake so a harshe, na 2019 ya nuna an samu ci gaba amma har lokacin ba a kai rabi ba. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da inglishi na aiki, ni dai ina jiran in ga abin a cikin kayen yara.

Inna mai ƙosai:
Ɗana ban ƙi taka ba amma ni tsoro nake ji. Hausa ai da ita muka haife su, ni don faransanci na kai jikana lakwal, gobe in ya je kolej da me za a yi masa jarrabawa? Masu hali suna kai nasu firibe, lakwal ta kuɗi, tun daga jardan, ajin ƙanana kafin CI, namu kuma a ce su tsaya a Hausa.

Tsohon mushe, Birni:
Inna tsoronki a kan hanya yake, in aka yi abin rabi da rabi, babu littattafai kuma mushen bai samu horo a kan rubutun Hausa ba, yaro zai tashi ba nan ba can. Amma in an yi shi daidai ba a barin faransanci, yana shiga a hankali har ya karɓe aji a manyan ajujuwa. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa. Ki duba makarantar allo, babbaƙu ake farawa sannan farfaru, malam ba ya wanke wa yaro allo sai ya biya ya nuna da yatsa.

Yayan ƴan biyu, Kara-Kara:
Mu gidanmu babu wanda ya yi lakwal sai ni, kuɗin kur (ƙarin darasi) kuma babu, to ni nake zama da ƙannena bayan magariba. Kwalin sukari nake yankawa in rubuta ma, mi, mo, la, li, lo a kai, in garwaya su a kan tabarma in ce su haɗa, tunda ba a jere suke ba babu damar hadda. Hasana ta kama da wuri, Usaini har yanzu yana rikita b da d, na faɗa wa madam ɗinsu ta maido shi layin gaba. Maman Biyu ki gwada da ɗiyarki, ki fara da baƙaƙen sunanta, kuma in kin je karɓar kaye ki tambayi makin lektir shi kaɗai.