Wajen dila ko garejin makanike, ina zan kai motar nan?

Salam jama'a, don Allah masu sanin harkar mota ku ba ni shawara. Motata ce giya ke fizga in ta tashi shiga na uku, fitilar injin ma ta kama a dashbod. Wajen dila, wato wakilan kamfanin motar, sun jona kwamfuta suka ce sai an canza akwatin giya gaba ɗaya, kuɗin kuwa ba a magana, ga kuɗin aiki da suke lissafawa awa-awa. Makanike kuma, mutum ne da hannunsa ke da kyau, ya ce sensa ce kawai (ƙaramar na'urar da ke aika wa kwamfutar mota bayani) da man giya da ya tsufa, abin da ya nema bai kai rabin nasu ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne garanti, har yanzu da sauransa kan injin da giya amma dila sun ce wai wannan bai shiga ciki ba, to in makanike ya taɓa shikenan na rasa sauran ke nan? Kuma in na sayo kayan asali da kaina na kai masa ya ɗaura, akwai bambanci da aikin dila?