Sunan asali ko sunan gida? Mu nemo wa "shing" na Sinawa kalma

Jama'a, ina fassara wani darasi kan tarihin ƙasar Sin, sai kalmomi biyu suka tsaya mini a wuya. Zamanin daular Zhou, ɗan babban gida yana da sunan gado iri biyu: "shing" da "shi". Na biyun ma dole a sama masa Hausa, don ya yi karo da namu "shi" na shi da ita.

"Sunan mahaifi" da muke cikewa a fom bai dace ba ko kaɗan. Namu yana sauyawa daga ɗa zuwa jika, nasu kuwa yakan yi shekara dubu bai motsa ba.

Shing shi ne tsohon, na babban dangi. Shing ɗin sarakunan Zhou Ji ne, na sarakunan ƙasar Qi Jiang, na ƙasar Qin kuma Ying. Da shing ake kiran mata, kuma masu shing ɗaya ba sa auren juna. Wani malamina ya ce in sa "sunan tsatso". Allah ya gafarta Malam, na so kalmar, amma tsatso na uba ne. Harafin shing kuwa haɗin alamar "mace" ne da ta "haihuwa", kuma Ji da Jiang da Ying duk suna ɗauke da alamar macen, abin da ya sa wasu masana ke ganin da fari ta wajen uwa ake gadonsa. Saboda haka na fi natsuwa da "sunan asali".

Na biyun ne ya fi daɗin nema, don ya yi kama da namu. Idan dangi ya yi rassa, kowane reshe sai ya ɗauki sunan garin da aka ba shi, ko sarautarsa, ko sana'a, ko sunan wani kaka. Zhao gari ne, kamar yadda muke cewa Aminu Kano. Tao mai ginin tukwane ne. Sima kuwa mai kula da dawakin yaƙi, wato Madawaki sak! Har na ji kamar ana zancen gidan Madaki ko gidan Galadima. Konfushiyas, shahararren malamin Sinawa na da, sunan asalinsa Zi, amma Kong ake kiran gidansu, daga sunan wani kakan kakanninsa Kongfu Jia. Wannan "sunan gida" ne, ba na shakka.

Bayan Qin ta haɗe ƙasar a 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsohon tsarin sarauta ya rushe, zuwa zamanin daular Han sunayen biyu suka narke suka zama ɗaya. Wannan haɗaɗɗen sunan ne Sinawa suke sawa a gaba yau, kamar Xi a Xi Jinping. Wannan zan kira shi "sunan zuri'a".

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke cike takardu da Faransanci, me kuke ce wa irin wannan sunan zuri'a a baki?